Wasiƙa daga Manchester: yadda turawa suka ci abinci da awo a yaƙin Hitila

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida, ya iyali, ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata lafiya. Mu nan alhamdu lillahi, sai sanyi da ruwan da ba ya gajiya, ƙarfe huɗu na yamma duhu ya riga ya rufa.

Na saurari dogon saƙon muryarka kan rabon shinkafar tallafi a unguwarku, yadda aka ce kowa ya kawo suna, aka rubuta, ƙarshe kaya suka bi ta bayan gida, kai da ka kama layi tun asuba ka dawo da ƙura a ƙafa. Wallahi na yi dariya, ka yafe ni, faɗan naka ne ya ban dariya ba halin da ka shiga ba. Sai ka rufe da tambaya wai da gaske ne turawan nan sun taɓa cin abinci da kati har da gidan sarauta? Da gaske ne, kuma ba wata ɗaya ko biyu ba, shekara 14 suka yi a haka, daga 1940 har 1954. Da yake ina da wata tsohuwa maƙwabciya da ta tashi a cikin abin, kuma in ta fara labarinsa ba ta tsayawa, bari in rubuto maka a tsanake.

Ka san ƙasar nan ta Birtaniya tsibiri ce. Kafin yaƙi wajen kashi biyu cikin uku na abincinsu ta jirgin ruwa yake shigowa, kusan tan miliyan 20 a shekara, alkama daga Kanada, nama daga Ajantina, man shanu daga New Zealand, ganyen shayi daga Indiya. Jamusawa sun san da haka, sai suka saki jiragensu na ƙarƙashin ruwa a tekun Atlantika suna nutsar da jiragen kaya, ga kuma 'yan jiragen da suka tsira ana bukatarsu don dakon soja da makamai. To gwamnati ta ga in aka bar kasuwa yadda take, mai kuɗi zai kwashe ya ɓoye, talaka ya kwana da yunwa, kuma talakan nan shi ne a masana'antar harsashi, ɗansa ne a bakin daga. A ƙarshen Satumban 1939 aka yi wa kowa rajista gida-gida, aka raba katin shaida, daga nan aka ba kowane rai ɗan littafinsa na rabo har jariri. Na manya kalar ƙasa-ƙasa, na masu ciki da masu shayarwa da yara 'yan ƙasa da shekara 5 kore, na yara 5 zuwa 16 shuɗi.

Ranar 8 ga Janairun 1940 aka fara da sukari da man shanu da naman aladensu na karin kumallo. Nama ya biyo baya a Maris, shayi a Yuli, 1941 aka ƙara cuku da ƙwai da jam, 1942 sabulu da alawa. Abin da nake so ka lura da shi, littafin ba kyauta yake ba ka ba, da kuɗinka za ka saya, shi izini ne kawai. Za ka je ka yi rajista da mai kanti ɗaya da mahauci ɗaya, gwamnati ta aiko musu kaya daidai yawan sunayen da ke hannunsu, kai kuma duk sati ka je ka miƙa littafi a yanke ko a soke gurbin satin. Ko fam dubu ce a aljihunka, in an soke gurbinka shikenan sai wani satin.

Rabon babban mutum na sati kuwa, yana hawa yana sauka, amma galibi sukari giram 227, man shanu giram 57, ganyen shayi giram 57, madara kusan lita ɗaya da rabi, ƙwai ɗaya tal in an samu. Cuku akwai lokacin da ya sauka giram 28, tsohuwar nan ta gwada min da yatsu, bai fi kwalin ashana ba, na sati guda fa. Daga 1942 aka fara kawo garin ƙwai daga Amurka, ƙunshi ɗaya madadin ƙwai 12 duk sati huɗu, ta ce har yau in ta tuna warinsa sai ranta ya tashi. Nama shi da kuɗi ake auna shi ba da nauyi ba, an fara da na sule ɗaya da kwabo goma, daga baya ya koma sule ɗaya da kwabo biyu, kaga in kana da dabara sai ka sayi mai arha ka samu da yawa ka dafa ya daɗe a wuta. Musulmi da Yahudawa an ba su dama su musanya rabonsu na alade da wani abin, wannan kam na yaba musu. A ƙarshen 1941 kuma suka kawo tsarin maki don kayan gwangwani da shinkafa da makamantansu, maki 16 duk sati huɗu, ka kashe a kantin da ka ga dama, abin da ya yi ƙaranci sai a ɗaga makinsa, wanda ya yi yawa a sito a sauke, da haka suke juya cikin jama'a ba tare da an yi wa kowa tsawa ba.

Kayan ciki da kifi da zomo ba su shiga littafi ba, to nan ne mahauci ya zama sarki. Tsohuwar ta ce uwarta ba ta taɓa ɗaga wa mahaucinsu murya ba ko da ya cika mata ƙashi, sai murmushi da tambayar lafiyar matarsa, don wanda ya ga dama shi yake ajiye wa hanta ko ƙoda a ƙarƙashin kanta, a naɗe a takarda a zura cikin jaka ba wanda ya gani. Layi kuwa ya zama sana'ar mata, mace ta ga layi sai ta shiga tukuna sannan ta tambayi ta gabanta me ake sayarwa, kuma da yawansu sun kwana a ramin ɓuya saboda bam, da safe ga aikin masana'anta. In ana yabon tsarin nan sunan Lord Woolton ministan abinci ake kira, har wani fanke na karas da dankali aka laƙaba wa sunansa, amma ni a ganina matan layin nan ne suka ɗauki kayan a ka.

Burodi da dankalin turawa ba a taɓa ƙayyade su ba duk tsawon yaƙin, da gangan, don kowa ya samu abin cika ciki. Sai dai daga 1942 farin burodi ya ɓace, aka koma wani mai duhu da ba a cire masa dusa sosai ba, mutane suka tsane shi, likitoci kuma suka ce ya fi lafiya. Filayen shaƙatawa na Landan har da ramin da ya kewaye Hasumiyar Landan aka mayar gonakin kayan lambu. Albasa ta yi wuyar da a 1941 har kyautar gasa ake yi da ita. Ayaba kuwa tun ƙarshen 1940 aka daina shigo da ita, sai Disamban 1945 jirgin farko ya dawo, tsohuwar ta ce ranar da aka miƙa mata ta farko riƙe ta ta yi tana kallo, ba ta san ta inda ake farawa ba.

Na tufafi ya fi ban sha'awa. Ranar Lahadi 1 ga Yunin 1941 aka wayi gari da sanarwa, an ɓoye maganar don kar a yi wawaso a kantuna, har ma ba a raba littafinsa ba, sai aka ce a fara amfani da tikitin majarin, wato man shafa wa burodi, da ke cikin littafin abinci. Tikiti 66 a shekara. Kwat cikakke na namiji, riga da wando da 'yar ciki, 26 ne, babbar rigar sanyi 16, taguwa 5, takalmin maza 7, rigar mace ta ulu 11, safar mata 2. Yi lissafin da kanka ka gani, in ka ɗinka kwat ka sayi rigar sanyi da takalmi saura 17, da su za ka nemi singileti da safa da kayan barci har shekara ta zagayo. Kuma bai tsaya a 66 ɗin ba, ya sauka 48, a ƙarshe daga Satumban 1945 zuwa Afrilun 1946 tikiti 24 kacal aka bayar. Tsohuwar ta ajiye littafin uwarta na tufafi a gwangwanin biskit, ta ciro min, ɗan ƙarami ne bai cika tafin hannu ba, takardar ta yi laushi, gefen shafukan duk tsinin almakashi inda mai kanti ya yanka, don shi zai yanka da hannunsa, in ka kawo yankakke ba a karɓa. Akwai tikiti uku da suka rage a ciki, ta ce har uwar ta rasu tana jin haushin ukun nan.

Gwamnati har cikin shagon tela ta shiga. A 1942 aka yi dokar yawan aljihu da maɓalli, aka hana naɗe ƙafar wando, aka hana kwat mai ninki biyu a ƙirji, maza kuwa suka yi ta ƙorafi kan naɗin nan, wasu su sayi wando mai tsawo a kai gida a naɗe. Ka ƙiyasta a ce da telanka na Kwari ga iya aikin da zai yi a wuyan babbar riga, ai sai an kai ruwa rana. Aka fito da kaya masu tambarin CC41, yadi mai aminci a farashi ƙayyadadde, wanda talaka da yawa bai taɓa saka mai kyansa ba. Mata suka koma warware tsohuwar suwaita a sake saƙa wa yaro, bargo ya zama rigar sanyi, kwat ɗin miji da ke bakin daga a yanke shi ya zama siket, amare da yawa da lemar sojan sama aka ɗinka musu rigar biki. Safa da ta gagara, 'yan mata sai su shafa wa ƙafa kala su ja layi a bayan ƙwauri da jagira wai a zata safa ce. Ita kanta Gimbiya Elizabeth da za ta yi aure a 1947 da tikiti aka sayi yadin rigarta, gwamnati ta ƙara mata 200, mata suka yi ta aiko mata da nasu ta gidan waya, aka mayar musu don doka ta hana ba wani naka.

Kar ka zata mala'iku ne fa. Kasuwar bayan fage ta ci sosai, an buga tikitin jabu, an saci littattafai, an fasa sito a tashar jiragen ruwa. Mai kuɗi yana zuwa otal ya ci ba a taɓa littafinsa ba, sai da surutu ya yi yawa a 1942 aka ce kar a sayar da cin mutum ɗaya sama da sule biyar, kuma tikiti ɗaya ne da attajiri da talaka amma rigar attajiri ta fi daɗewa, ga akwatunansa cike tun kafin yaƙi. Duk da haka abin da ya riƙe tsarin, ɗan abin da aka rubuta maka yana zuwa. Giram 57 ɗin nan ba yawa, amma ranar da ka je yana nan, kuma ka san na maƙwabcinka bai fi naka ba. Ga gidajen abinci na gwamnati wajen 2,000 inda za ka ƙoshi da nai, wato kwabo tara, ga madara da man kifi da ruwan lemo ga yara da masu ciki, har aka gama yaƙi talakansu ya fi cin mai gina jiki a kan da, mutuwar jarirai ma ta ragu.

Sai dai akwai inda nake tsayar da tsohuwar in ta fara cewa kowa ya samu daidai. Kowa a tsibirin dai. Da Japan ta ƙwace Malaya da sauran ƙasashen gabas a 1942, man girki da na sabulu da kuza sai aka juyo kanmu. Gyaɗar Kano da manjan kudu gwamnati ce kaɗai mai saye, ita ke yanka farashi, wato majarin ɗin da ake yanka mata a kanti akwai gumin kakanninmu a ciki. Daga 1942 zuwa 1944 dubun-dubatar mutanen arewa aka ɗiba aikin tilas a ramukan kuza na Jos, da yawa sanyi da yunwa da cuta suka kashe su. Gishiri ya yi wuya a Najeriya, yadi ya yi tsada, a Legas gwamnati ta buɗe kasuwannin ƙayyade farashi ƙarƙashin Kyaftin Pullen, matan kasuwa da Alimotu Pelewura a gaba suka ce ba su yarda ba, tsadar nan ce ta kai ga babban yajin aikin 1945. A Bengal ta Indiya kuwa, ƙarƙashin sarki ɗaya da tuta ɗaya, yunwar 1943 ta kashe mutum miliyan biyu zuwa uku. Da na gaya mata shiru ta yi, ta ce ba a koya musu wannan a makaranta ba, kuma na yarda da ita.

Abin mamaki bayan an ci yaƙi abin ƙara tsanani ya yi, ƙasa ta talauce ga bashin Amurka, burodin da Hitila bai sa an ƙayyade ba sai ga shi a littafi daga 1946 zuwa 1948. Tufafi aka sake a 1949, shayi 1952, alawa da sukari 1953, nama shi ne na ƙarshe a Yulin 1954.

Don Allah in ka je ƙauye ka zauna da Baffa tunda har yanzu kansa garau, ka tambaye shi abin da ya ji a bakin manya kan wahalar gishiri da masu tafiya Jos, ka ɗauko min muryarsa a waya, ina so in kunna mata in fassara. Ka gaida Hajiya da maiɗakinka da yara, a ce da ƙaramin ban manta da alkawarin takalmin ƙwallo ba, in an samu mai tahowa zan ba da.

Naka har kullum,
abokinka na Manchester