A gaya wa mai barin ƙwaya cewa barci zai guje shi kafin ya dawo

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni ɗan kabu-kabu ne a nan Damagaram, ina tsayawa a bakin Kasuwar Dole. Shekara bakwai na yi ina shan tramol, daga baya na haɗa da giya. Yau shekara biyu ke nan rabona da su, alhamdu lillahi. Duk ranar 26 ga Yuni, ranar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta duniya, ana taro ana jawabi, rediyo ya cika da kiran a bari, malamai ma suna nasu a masallatai, Allah ya saka musu. Amma ban taɓa jin wanda ya zaunar da yaro ya gaya masa abin da zai same shi da dare idan ya bari ba. Shi ya sa na rubuto.

Tramol na safe ne. In jefa shi cikin Nescafé, in yi ta zirga-zirga daga Birni zuwa Zango zuwa Kara-Kara, ba gajiya ba yunwa. Likitoci ba sa wuce miligiram 400 a yini ga babban mutum mai ciwo. Ni mai lamba 225 nake haɗiya, uku a rana. Da dare ido ya bushe, sai giya ta zama maganin barcina. Tana kwantar da mutum da wuri, ba zan yi ƙarya ba, amma wajen ƙarfe uku sai in farka da fitsari da ƙishirwa, zuciya na dukan uku-uku. Matata ta sha gaya mini cewa minsharina ya yi yawa, har numfashina kan ɗauke.

Cikin zafin Afrilu na bari, lokacin da kowa ke kwana a tsakar gida. Kowa ya yi barci ban da ni. Ƙafafuna suka ƙi tsayawa wuri ɗaya, kamar tururuwa na yawo a cikin ɓargo. Zufa, hamma, hanci na zuba, ciki na murɗawa. In kwanta, in tashi, in zagaya gida, in watsa ruwa, in koma tabarma, har ladan ya kira assalatu idona biyu. Kwana goma na yi haka, in na samu awa biyu na gode Allah. Da barcin ya fara zuwa kuma sai ya zo da mafarkai masu firgitarwa, in tashi ina ihu. Mahaifiyata ta ce an yi mini sammu, ta karɓo rubutu. Na sha, kuma addu'arta ta riƙe ni sosai. Sai dai hankalina bai kwanta ba sai da wata ma'aikaciyar jinya da nake ɗauka zuwa aiki ta yi mini bayani. Ta ce barci hawa-hawa ne, akwai matakin da ake mafarki a cikinsa, giya da ƙwaya suna danne shi, idan aka bari sai ya dawo da ƙarfi kamar mai biyan bashi. Ta ce masu barin wiwi ma haka suke fama, wasu har wata guda ko fiye. Ranar na san ba haukacewa nake ba.

Abokina da muka bari tare bai samu mai gaya masa haka ba. A kwana na tara ya koma. Da na tambaye shi, ya rantse mini ba daɗin abin ya bi ba, barci kawai yake nema. Na yarda da shi, don ni ma saura ƙiris.

Akwai gargaɗin da ya wajaba in yi. Wanda ya daɗe yana shan giya da yawa kullum, ko yana shan diyazefam, ƙwayar sa barci da kwantar da hankali, kada ya yanke dare ɗaya shi kaɗai a ɗaki. Ga mai giya, karkarwa kan fara tun ranar farko, farfaɗiya na iya zuwa cikin kwana biyu, a na uku wasu kan ruɗe su riƙa ganin abin da babu, kuma wannan yana kisa. A kai shi asibitin unguwa ko Babban Asibitin Damagaram. Kuma don Allah kada a saya masa maganin barci wajen masu yawo da magani a kai. Fita ne daga rami a faɗa rijiya.

Abin da ya taimake ni ba mai tsada ba ne. Na daina shayin fada da goro bayan la'asar, domin abin da ke hana barci a cikinsu yakan yi wajen awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, mu kuwa muna zagaye na uku ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Da asuba nakan tashi ko na yi barci ko ban yi ba, ban kuma yarda na rama da dogon barcin rana ba. A mako na uku na fara samun awa huɗu. Sai da na yi kusan wata shida kafin na san barcin da na sani ina yaro.

Roƙona gare ku, Malam Edita, ku nemo likita ya bayyana wannan da Hausa, mako bayan mako, yadda ɗan fada zai gane. Iyaye kuma, in kun ga ɗanku yana yawo a tsakar gida da tsakar dare ido jajur, kada ku yi saurin cewa ya koma. Ƙanena ya bari ranar Juma'ar da ta wuce. Yau darensa na shida, ni nake shimfiɗa tabarma kusa da shi.

Naku,
Wani ɗan kabu-kabu,
Damagaram