Wasiƙa daga Kano: Labarin Kwalekwalen da Nake Haɗawa

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Madam da yara. Yaya sanyin Amurka? Mu nan hunturu ya fara ja da baya, zafi yana leƙowa.

Kayan haɗa ɗan kwalekwalen nan da ake kira kayak sun iso lafiya, Allah ya saka da alheri. Kuɗin dako da na kwastan sun kusa kamo kuɗin kayan kansu, amma wannan sai mun haɗu. Na ga tambayarka cewa me ya sa na ƙi dogon nan mai ƙafa 17 da ka nuna mini, na ɗauki gajere mai ƙafa 12. Ai dogon na teku ne, mutumina. Siriri ne, yana da gudu, yana tsaga igiyar ruwa, amma wanda bai saba ba yana zama zai kife. Ni ina na ga teku? Iyakata Tiga da Bagauda, in na yi nisa dam ɗin Challawa da ke Ƙaraye. Gajeren ya fi faɗi, ya fi zama daram a kan ruwa, zai hau saman mota ba tare da 'yan KAROTA masu kula da hanya sun tare ni ba, kuma ya shiga garejin gida an rufe ƙofa.

Akwai kuma nau'in da ake jera siraran katako ɗaya bayan ɗaya a kan ƙwarangwal. Ya fi kyan gani, ban musa ba, amma aikin watanni ne, sai mai haƙurin masaƙi. Wanda na zaɓa ɗinki ne da gam. Falankan filawud ne masu kaurin milimita 4, an riga an yanke su da inji, har ƙananan hudoji an yi a gefe. Sai ka jera biyu, ka zura wayar jan ƙarfe, ka murɗe da filaya, ka matsa gaba. Da farko abin shimfiɗe yake a ƙasa, ba fasali. Kana cikin murɗa waya sai ka ga katako ya lanƙwasa da kansa, goshi ya tashi, ciki ya buɗe. Kafintan layinmu da ya shigo kallo ya daɗe yana shafa gefen, can ya ce, "Yallaɓai, to ina ƙusar?" Na ce babu ko ɗaya. Bai yarda ba har yau.

Wani abin dariya, itacen da aka yi filawud ɗin, okume, yawanci daga dazukan Gabon ake saro shi. Ka ga ya bar Afirka, ya sha yawo, ya dawo mini da tsada. Na zagaya 'Yan Katako a Na'ibawa ko zan samu irinsa don gaba. Filawud kam ga shi tuli, amma na silin ne da na kabad, gam ɗin cikinsa ba ya jure jiƙa, kuma in ka duba gefensa za ka ga ramuka a tsakiya. Na jirgi ba ya da wannan.

Inda aikin yake shi ne gam ɗin, ifoksi. Dangin Araldite ne, ruwa biyu ake aunawa a gauraya, daga nan ya fara ɗaukar zafi yana daskarewa. Littafin da ya zo da kayan don ƙasar sanyi aka rubuta shi, duk gargaɗinsa kada ɗaki ya yi sanyi. Mu namu akasin haka ne. Da rana tsaka, in ka dama da yawa a kofi, kafin ka shafa rabi ya yi zafi a hannunka ya zama dutse. Don haka kaɗan-kaɗan nake damawa, in juye a faranti mai faɗi don ya huce. Kuma sai bayan la'asar nake shafa wa ɗanyen katako, lokacin da gari ya fara sanyi. In da hantsi ne, katakon yana ɗumama, iskar cikinsa tana fitowa, sai ka tarar da ƙananan ƙuraje ko'ina a jiki. Gam ɗin cike gaɓoɓi kuwa, ana zuba masa garin katako har ya yi kauri kamar tunkuza, a shafe kusurwa, in ya kama a zare wayoyin, sannan a shimfiɗa kyallen faiba a jiƙa shi da gam. Farin kyallen nan sai ya ɓace, ka riƙa ganin katako tas ta cikinsa. Safar hannu dole ce, gam ɗin yana sa ƙaiƙayin fata in ya saba taɓa mutum.

Banish ne ya rage, shi ke kare gam daga rana, kuma ka san ranar Kano. Sai ƙura ta kwanta zan shafa, in ba haka ba jirgin zai fito kamar samfefa.

Hajiya ba ta so abin ba ko kaɗan. Tun hatsarin jirgin Bagwai na 2021, wanda ya ci ɗalibai da dama, ba ta son jin zancen ruwa. Ban ga laifinta ba. Na yi mata alkawarin ba zan shiga ba sai da rigar kariya, kuma ba ni kaɗai ba, sai kusa da masunta. Akwai ma tsargiya a ruwan dam, ba wurin wanka ba ne. Yara kuwa sun haddace cewa mutanen Inuwit na yankin ƙanƙara ne suka ƙirƙiro kayak, da fatar dabbar ruwa suke rufe shi su fita farauta, suna ta ba abokansu labari.

Saura roƙo ɗaya. In wani zai taho, ka aiko mini da rigunan kariya biyu, ɗaya ta babba ɗaya ta yaro. Filafilin mai baki biyu ni zan sassaƙa a nan. In kuma ka zo hutun Babbar Sallah, kai za ka fara shiga, mu ga ko ilimin teku da kake yi mini a waya na gaske ne.

Ka gaida mutanen gida.

Naka,
Amininka na Kano