Wasan neman ɓoyayyen akwati da abin da ya nuna mini a gaɓar tekun Aisland

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon ɗan fili a jaridarku domin in yi magana a kan wani amfani na wayar hannu wanda ban taɓa jin an tattauna shi da Hausa ba. Ni malamin labarin ƙasa ne a wata makarantar sakandare, na shafe shekaru ina zana wa ɗalibai dutse mai aman wuta a kan allo, amma ban taɓa tsayawa a gindinsa da sanin abin da nake kallo ba sai da na ziyarci ƙanena da ke karatu a ƙasar Aisland, wani tsibiri a arewacin Turai, ya kuma shigar da ni wani wasa da ake kira jiyokashin.

Tsarin wasan mai sauƙi ne. Wani zai ɓoye ƙaramin akwati a wuri mai kyan gani, ya sa lambobin da ke nuna wurin a intanet, mai nema kuma ya bi su da wayarsa har ya gano shi, ya rubuta sunansa a ɗan littafin da ke ciki, ya mayar da shi yadda ya same shi. An fara shi ne a watan Mayu na 2000 a jihar Oregon ta Amurka, jim kaɗan bayan gwamnatin ƙasar ta daina rage ingancin saƙon taurarin ɗan'adam na GPS ga fararen hula. Akwatin farko da muka samu yana cikin tsagin wani baƙin dutse a gefen hanyar da ta nufi garin Vik, roba ce da ba ta fi gwangwanin madara girma ba, littafin cikinta ya yi laima, fensirin kuma ya kusa ƙarewa. Abin da ya fi akwatin daraja shi ne wurin da ya tsayar da mu, domin da ba don shi ba da mun wuce a mota kamar kowa.

A ganina, reshen wasan da ya fi amfani shi ne wanda ake kira EarthCache, wanda aka fara a 2004 tare da haɗin gwiwar ƙungiyar masana duwatsu ta Amurka. Shi babu akwati ko ɗaya a cikinsa. Lambobin za su kai mutum wuri, a ba shi bayanin yadda wurin ya samu, sannan a yi masa tambayoyin da ba zai iya amsawa ba sai ya duba da idonsa.

A gaɓar Reynisfjara, inda rairayin yake baƙi ƙirin kamar garin gawayi, aikin da aka ba mu shi ne mu ƙirga kusurwoyin ginshiƙan dutsen da ke jikin tsaunin. Na tsuguna na ƙirga guda ashirin da yatsana, yawancinsu kusurwa shida, wasu biyar, jere kamar saƙar zuma. Bayanin ya ce narkakken dutse ne ya huce a hankali, yana hucewa yana tsukewa har ya tsattsage. Nan take na tuna da ƙasan tabki a tsakiyar rani, yadda laka ke bushewa ta dare gida-gida, na kuma gane cewa misalin da ya kamata in riƙa ba ɗalibaina ke nan tun tuni. Baƙin rairayin ma daga irin wannan dutse yake, teku ce ta niƙe shi.

Daga nan muka hau Dyrholaey, wani tsauni mai tsayin kimanin mita 120 da ya kutsa cikin teku, wanda ruwa ya huda masa ƙofa a ƙasa, a kansa kuma akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa da aka gina a 1927. Watan Yuli ne, rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe sha ɗaya na dare, har sai da na riƙa duba agogo kafin in san lokacin salla. Daga can sama mutum yana juyawa arewa sai ya ga farin tulin ƙanƙarar Myrdalsjokull, a ƙarƙashinsa kuwa dutsen Katla ne kwance, wanda babban amansa na ƙarshe ya auku a 1918. Idan wuta ta tashi a ƙarƙashin ƙanƙara, ruwan da ya narke yakan gangaro da toka da duwatsu a matsayin ambaliya, kuma ambaliyar 1918 ta tura gaɓar teku gaba da tulin abin da ta kwaso. Saboda haka mutanen Vik sun san cewa idan aka yi gargaɗi, cocin da ke kan tudu za su nufa. Maƙwabcin Katla shi ne Eyjafjallajokull, wanda tokarsa ta dakatar da jiragen sama a yawancin Turai na kwanaki a watan Afrilu na 2010. Duk wannan wuta tana da nasaba da zaman ƙasar a kan tsagin da ke tsakanin manyan fayafayan ɓawon duniya biyu, waɗanda ke rabuwa da kimanin santimita 2 a kowace shekara.

Dole in faɗi haɗarin da ke ciki, domin mai bin lambobi yakan duƙufa a kan waya ya manta da abin da ke bayansa. A Reynisfjara akwai igiyar ruwa da ke zuwa ba zato bayan teku ta yi kamar ta lafa, ta kuma yi sanadin mutuwar masu yawon buɗe ido, shi ya sa aka kafa fitilun gargaɗi a mashigar wurin. Ni kaina ƙanena ne ya fizgo rigata yana cewa, "Yaya, ba a juya wa wannan ruwa baya." Haka kuma gansakukar da ta lulluɓe tsohon narkakken dutse takan ɗauki shekaru masu yawa kafin ta farfaɗo idan an tattake ta, don haka duk wanda ya ɓoye akwati nesa da turba ya yi ɓarna.

Mu ba mu da ƙanƙara, amma muna da duwatsun da suka taɓa aman wuta a Kerang da Panyam cikin jihar Filato, da tabkin Tila da ke cikin bakin wani mataccen dutse a tudun Biu, a Kamaru kuma narkakken dutsen da Dutsen Kamaru ya amayar a 1999 ya datse hanyar gaɓar teku kusa da Limbe. Ban ba da shawarar ɓoye akwati a ƙasarmu ba, domin a halin tsaron da muke ciki duk wanda aka gani yana cusa roba a tsagin dutse zai jawo wa kansa zargi. Reshen da ba shi da akwati shi ya dace da mu, bayan an nemi izinin dagaci da masu gonakin wurin. Na fara rubuta tambayoyi biyar a kan duwatsun Kerang da Hausa domin ɗalibaina, kuma idan jaridarku za ta ba da fili, zan aiko da su tare da lambobin wurin don sauran malamai su gwada su kuma gyara mini.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka.

Naku,
Wani malamin labarin ƙasa,
daga Jos, jihar Filato.