A koya wa ɗalibanmu masu fim zama a bayan 'yan kallo

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne game da shirinku na makon jiya, inda aka tattauna halin da ɗalibai masu koyon shirya fim suke ciki a Nijar. Baƙinku sun yi maganar tsadar kamara da ƙarancin kwamfutar haɗa hoto da yawan ɗaukewar wuta, kuma duk gaskiya suka faɗa. Sai dai har shirin ya ƙare ban ji wanda ya ambaci 'yan kallo ba, alhali su ne abin da ɗalibi zai samu ba tare da ya kashe ko dala ba, kuma su ne suka fi yi masa amfani idan fim ɗinsa irin mai sa zullumi da faɗuwar gaba ne.

Na yi shekaru ina riƙe da gidan kallo a nan Tahoua, kuma mazaunina kullum yana can baya, kusa da ƙofa. Daga nan na koyi cewa ƙeyar mutum ba ta iya kara. Idan fim ya kama shi, wuyansa yakan miƙe, ya manta da gyaɗar da ke hannunsa. Idan fim ya sake shi, sai ya fara waige-waige yana neman wanda zai yi wa magana.

A lokacin hunturun da ya wuce, ɗan ƙanwata da abokan karatunsa huɗu suka shirya gajeren fim na minti 24. Labarin wani ɗan kabu-kabu ne da ya tsinci wayar da fasinjansa ya yar, da tsakar dare ta yi ƙara, wata murya ta umarce shi ya kai ta wani gida a bayan gari kafin asuba. Sun nuna wa 'yan ajinsu, aka yi musu tafi, yaron ya zo mini da murna yana cewa, "Kawu, kowa ya ce ya yi." Na tambaye shi su wane ne kowa, sai ya lissafo mini mutanen da suka karanta labarin tun yana takarda, wasunsu ma sun riƙe fitila a wajen ɗauka. Wanda ya riga ya san abin da ke bayan ƙofa ba zai iya gaya maka ko buɗe ta yana ba da tsoro ba.

Sai muka rataya farin zane a bangon tsakar gidana, muka aro majigi da janareto, muka gayyato mutane wajen talatin da ba su san komai game da fim ɗin ba: mai shayin bakin titi, da teloli biyu, da matan maƙwabta, da samarin fadar unguwa, da wata dattijuwa mai tuyar ƙosai. Na ce wa ɗaliban su zauna a baya da takarda da agogo, kada su dubi zanen ko sau ɗaya, su dubi mutane, su rubuta mintin da aka yi tsit da mintin da aka fara motsi.

A minti na shida hasken wayoyi ya fara bayyana a hannun samari, domin an daɗe ana nuna ɗan kabu-kabun yana zaga gari ba tare da wani abu ya faru ba. A wurin da mugun ya fara bayyana, wanda ɗaliban suka ɗauka shi ne zai tsinka zuciya, sai aka fashe da dariya, saboda sun sa masa baƙin tabarau da tsakar dare. Maganar da duk labarin ya rataya a kanta, wato abin da muryar ta faɗa a waya, iskar hunturu ta cinye ta tun a wajen ɗauka, su kuwa ɗaliban suna jin ta sarai ne kawai don sun haddace ta. Amma a minti uku na ƙarshe janareto kaɗai ake ji.

Da aka kunna fitila, kowa ya ce ma sha Allah, Allah ya ƙara basira. Wannan ita ce wahalar neman ra'ayi a wurinmu, domin Bahaushe ba ya kushe aikin ɗan mutane a gaban idonsa, balle a gidan kawunsa. Takardar tambayoyi da Faransanci ma ba za ta yi ba, tunda rabin waɗanda suka zo ba sa karanta shi. Don haka na sallami ɗaliban su je sayo ƙanƙara, ni kuma na daina tambayar ko fim ya yi kyau. Na ce wa mai shayi ya ba ni labarin kamar yadda zai ba wanda bai zo ba, sai ga shi ya haɗa mugun da yayan ɗan kabu-kabun ya mai da su mutum ɗaya, saboda dukansu shuɗiyar riga suka sa. Dattijuwar nan kuwa ta gyara mayafinta ta ce, "Ni fa, Malam, abin da ban gane ba, me ya hana yaron nan ya jefa wayar a kwata ya je ya kwanta?" Ɗalibai biyar sun yi wata uku a kan labarin, babu wanda ya yi wa kansa wannan tambaya, kuma muddin ba a amsa ta ba, babu dalilin da zai sa mai kallo ya ji tsoro domin yaron.

Ba sabon abu ba ne a ƙasar nan mai fim ya karɓi gyara daga bakin mai kallo. A farkon shekarun 1950, Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya fim, ya koma garin Ayorou na bakin kogin Neja ya nuna wa Sarkawa fim ɗin farautar dorina da ya ɗauka tare da su, suka ƙi amincewa da kiɗan da ya ɗora a kan farautar, domin dorina tana da ji, kuma mafarauci ba ya tunkarar ta da kiɗa. Rouch, wanda ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004, ya sha ba da wannan labari a matsayin abin da ya sauya masa hanyar aiki. Idan masunta sun gyara wa ƙwararre, ban ga abin da zai hana mai ƙosai ta gyara wa ɗalibi ba.

Sai dai akwai iyaka, kuma a nan ne na fi jin tsoro ga yaranmu. Mai kallo ya san inda ke masa ciwo, amma maganin da yake kawowa sau da yawa shi ne abin da ya saba gani. Samarin fada sun ce a sa waƙa da rawa a tsakiya, telolin sun ce a kawo jandarmomi su kama mugun a ƙarshe. Ɗaliban sun ƙi duka biyun, kuma na goyi bayansu. Waƙar da aka nema tana nuna cewa tsakiyar fim ɗin ta yi sanyi, don haka suka yanke minti huɗu na yawon babur. Suka sake ɗaukar muryar wayar a cikin ɗaki mai labule, suka cire tabarau, suka canza wa yayan riga. Ga tambayar dattijuwa kuma, suka ƙara jimla ɗaya tak: muryar ta ambaci sunan mahaifiyar yaron da launin ƙofar gidansu.

Gyaran da ya fi burge ni daga karatunsu ya fito. Alfred Hitchcock, Baturen Ingila da ya shahara da finafinan zullumi, ya taɓa bayyana cewa idan mutane suna hira bam ya tashi a ƙarƙashin teburinsu ba zato, mai kallo zai firgita na daƙiƙa 15, amma idan an nuna masa bam ɗin tun farko, zai yi minti 15 yana zullumi. Sai suka ɗauko hoton mutumin da ke laɓe a bayan ƙofa, wanda dā suka ɓoye har ƙarshe, suka dawo da shi minti na tara. Da muka sake nunawa ga wasu mutane daban, wata mata ta miƙe tsaye tana ce wa zanen bango, "Kada ka shiga, ɗan nan!"

Garin nan na Tahoua da Moustapha Alassane ya zauna yana aikinsa na fim har kusan rasuwarsa a 2015, da ƙasar da Oumarou Ganda ya ciyo wa babbar kyauta ta farko ta FESPACO, bikin finafinan Afirka na Ouagadougou, a 1972, ba su rasa masu ido ba. Roƙona gare ka, Edita, abu biyu ne. Ku sake gayyato malaman da ke koyar da wannan sana'a, a makarantar koyon aikin jarida da sadarwa ta Yamai da sauran wurare, ku tambaye su ko za a iya sa nuna fim ga baƙin ido ya zama sharaɗi kafin ɗalibi ya miƙa aikinsa na ƙarshe. Sannan gidanku ya ware yamma ɗaya a wata, a harabarku ko a gidan matasa, inda ɗalibi zai kawo fim ɗin da bai kammala ba, ku sanar a rediyo da Hausa da Zabarmanci, wani ma'aikacinku ya yi tambayoyin bayan mai fim ya fita. Idan za a fara a Tahoua, tsakar gidana da farin zanen suna nan.

Na gode. Allah ya taimaka.

Mai sauraronku,
Tsohon mai gidan kallo, Tahoua