Ba kowane maganin ciwo ne ya dace da mai juna biyu ba

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarka mu ja hankalin masu juna biyu da mazajensu kan maganin ciwon jiki, domin shi aka fi haɗiya ba tare da an tambayi kowa ba.

Farasitamol ne zaɓin farko ga mai ciki. Ƙwaya ɗaya ko biyu mai miligiram 500, a bar awa huɗu zuwa shida kafin a ƙara, kuma kada a wuce ƙwaya takwas cikin awa 24. Yawancin magungunan mura akwai farasitamol a cikinsu, to mace ta sha wannan ta ƙara da wancan, sai adadin ya zarce, hanta ta jigata. A riƙa duba kwali.

Abin da ya fi damunmu shi ne ibuprofen, diclofenac da naproxen. Suna kashe ciwo da sauri, shi ya sa ake son su. Amma daga mako na 20 suna iya rage aikin ƙodar ɗan tayi, kuma tunda ruwan da yake kwance a ciki galibi fitsarinsa ne, sai ruwan ya ragu. A shekarar 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan haka. Daga wajen mako na 30 kuma suna iya rufe wata jijiyar jini kusa da zuciyarsa wadda bai kamata ta rufe ba sai bayan haihuwa. Ƙaramin asfirin da likita ke rubuta wa wasu don kare su daga hawan jinin ciki dabam yake, kada a daina shi.

Tramadol da kodin sai da takardar likita. Yawan shan su na sa a haifi jariri yana karkarwa da kuka ba ƙaƙƙautawa.

Ciwon baya sau da yawa ba ya buƙatar ƙwaya. A kwanta ta gefe da matashi tsakanin gwiwoyi, a gasa wurin da tawul mai ɗumi, in za a ɗauki abu a ƙasa a durƙusa maimakon sunkuyawa.

Ciwon kai mai tsanani bayan mako na 20, musamman in ya zo da dishi-dishin gani, kumburin fuska da hannu, ko ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama, wannan ba na farasitamol ba ne. A kai ta asibiti a ranar a auna jininta da fitsarinta, kafin jijjiga ta biyo baya.

Daga wasu ungozomomi da ma'aikatan jinya