Ciwon idon da ba ya zafi ya kusa makanta ni ina hutu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarka in ba da labarin abin da ya same ni, ko wani ya tsira daga irin gangancin da na yi.

Shekarata 58, kuma tun ina saurayi nake sa tabarau saboda ba na hangen nesa. Na ɗauki hutun mako biyu, muka hau jirgi ni da uwargida zuwa garin da ba mu san kowa ba. A dare na huɗu, ina kwance an kashe fitila, sai na ga walƙiya ta gefen idona na hagu. Har na leƙa taga ko hadari ne, na tarar sama garau. Da gari ya waye sai ga wasu baƙaƙen ɗige-ɗige suna yawo a gabana kamar ƙananan ƙudaje, in na juya ido su biyo ni.

Uwargida ta ce, "Malam, mu je asibiti." Na ce mata ido bai yi ja ba, ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi, me zan je in ce wa likita? A bari mu koma gida in ga wanda na saba gani. Na shiga kemis, aka ba ni maganin ɗigawa na gajiyar ido, na kwana biyu ina ɗigawa ina yaudarar kaina.

Daren na shida wata inuwa ta taso daga ƙasan ganina, kamar ana jan baƙin labule sama a hankali. Da na rufe idon dama, ƙafafun kujerar da ke gabana sun ɓace. A nan jikina ya yi sanyi. Ƙarfe 11 na dare muka isa sashen gaggawa na wani babban asibiti.

Ga kuskurena na biyu. Da nas ɗin da ke tantance marasa lafiya ta tambaye ni, sai na ce, "Ido ne ke ɗan damuna." Ta ba ni lamba, muka zauna. Ban ga laifinta ba, ga masu jini a jiki, ga masu riƙe da ƙirji. Bayan awa uku uwargida ta tashi ta koma wurinta ta zayyana mata komai: walƙiya, ɗige-ɗige, yanzu kuma inuwa tana cin ganinsa. Minti goma ba a yi ba aka buga wa likitan ido waya.

Ya ɗiga mini maganin da ke buɗe baƙin ido, muka jira kusan rabin awa, sannan ya haska ciki da fitila mai ƙarfi. Ya ce tantanin da ke shimfiɗe a bayan ido, wanda suke kira retina, ya yage daga sama, ruwa ya bi ta yagar ya fara ɓamɓare shi kamar takardar da aka manna a bango ta sha danshi. Na ce ai ni daga ƙasa nake ganin duhun. Ya yi murmushi ya ce hoto a juye yake sauka a cikin ido, shi ya sa. Kuma wannan tantanin ba ya jin zafi, don haka rashin ciwon da na dogara da shi ba shaidar lafiya ba ce. Masu irin tabarau nawa, da waɗanda suka haura 50, da waɗanda aka yi wa aikin yanar ido, sun fi kowa shiga haɗarin.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne da ya ce da a ranar walƙiyar na zo, mai yiwuwa yaga ce kawai, sai a ɗinke gefenta da hasken leza ina zaune a kujera in tashi in tafi. Sa'ar da na yi, ɓamɓarewar ba ta kai tsakiyar tantanin ba, wurin da mutum ke karatu da gane fuska da shi. Washegari da safe aka shiga da ni tiyata.

Sun sa mini kumfar iska a cikin idon don ta danne tantanin har ya kama, suka ɗaura mini wani abin gargaɗi a wuyan hannu. An hana ni hawa jirgi sai iskar ta narke, domin a sama tana kumbura, matsin cikin ido ya hau, mutum na iya rasa gani gaba ɗaya. Akwai mai narkewa cikin mako biyu, akwai mai kai wata biyu. Tikitinmu ya tafi a banza, inshorar tafiya kuwa ban taɓa ɗaukarta da muhimmanci ba, don haka daga aljihu muka biya komai, har da ƙarin kwanakin otal.

Ya Edita, shafinku na lafiya yakan yi magana a kan hawan jini da ciwon suga, amma ban taɓa ganin waɗannan alamomi uku a ciki ba. Ku nemo likitan ido ya yi bayani, ya haɗa da ciwon ido mai tsanani da ke zuwa da ja da amai da ganin zobe kewaye da fitila, wanda shi ma ba ya jiran safiya.

Yanzu kumfar ta koma kamar ƙwayar gero a ƙasan ganina, tana rawa in na motsa kai. Da idon hagun nake karanta wannan wasiƙa kafin in aiko, sai dai na ƙara girman rubutun.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku