Yaya, ba giya nake sha ba

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kuna lafiya. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, sai sanyi da ya fara shigowa.

Na turo Yuro 350 ranar Litinin ta hannun mutumin nan na Jega. Ka fara cire kuɗin maganin Inna, sauran a sayi kwanon rufin ɗakinta. Kada ka ba Kawu ko sisi, ko da ya zo da kuka.

Na ji abin da ake faɗi a majalisar bakin kasuwa, wai an ga hotona a gaban ganguna, wai na zama ɗan giya a Italiya. Haba Yaya, kai ka goya ni. Wallahi ko ɗigo bai taɓa shiga bakina ba. Aikina a gonar inabi yake, da almakashi da kwando, a tuddan da ke kusa da garin Alba. Gangaren ya yi tsayin da idan ka ajiye kwando ba daidai ba sai ka tsince shi a kwari. Da hannu ake tsinkar komai. Gwiwa tana ɗan ciwo da dare, amma ba wani abu ba ne.

Inabin da muke tsinka yanzu Nebbiolo suke ce masa, shi ne na ƙarshen nuna, sai Oktoba, lokacin da hazo ke kwana a kwari har hantsi. Abin da zai ba ka mamaki, kai da kullum kake neman fadama: a nan ƙasa mai laima ba ta da daraja. Gefen tudun da ke kallon kudu suke so, inda rana ke wuni, inda ƙanƙara ke fara narkewa in hunturu ya wuce. Ƙasar fara ce mai tauri, ruwa ba ya zama, sai saiwar ta nutsa ta nemo shi. 'Ya'yan sai su fito ƙanana. Na ɗanɗana na saman tudu da na gindi a rana ɗaya (inabi dai halal ne, ka gaya musu). Na sama zaƙi ne da bauri mai kama harshe kamar goro, na gindi kuwa ruwa-ruwa da tsami, kamar kankanar da aka cika wa ban ruwa. Tsohon da ke da gonar ya ce wannan baurin da jan launin duk daga ɓawo suke shiga giyar, sanyin dare kuma shi ke riƙe mata tsami da ƙamshi. A watan Yuli har sa mu ya yi muka yanke nonon inabi ɗanye muka zubar, kamar yadda muke rage gero, wai don sauran su yi ƙarfi. Zuciyata ta yi zafi ranar. Giyar tasu, Barolo, doka ta hana a sayar sai ta yi wata 38, 18 daga ciki a gangar katako. Gangunan hoton ke nan, inuwa kawai na shiga na ci abinci.

Amma Yaya, ba zan ɓoye maka ba, abin yana hana ni barci. Na san inda inabin nan yake zuwa. Ka je wurin Malam kai kaɗai, bayan isha'i, ka tambayar mini hukuncin kuɗin nan. Kada ka ambaci sunana. Idan an gama tsinka zan nemi aikin gonar tuffa, an ce akwai wajen garin Saluzzo, sai dai ba ni da tabbas ɗin ɗaki.

Kada Inna ta ji wannan maganar, hawan jininta ya ishe ta. Ka ce mata lambu nake yi, ai ba ƙarya ba ne.

An yanke shinkafar fadama? Jiya na yi mafarkin furar Inna, na farka ba kowa sai ƙarar hita.

Maganin Inna tukuna, sannan kwano. Kawu kuwa na riga na faɗa maka. Auta ya koma makaranta, in ya sake zancen bin hanyar Agadez ka kira ni ko tsakar dare ne.

Ƙaninka.